Ranar da Yayana Ya Ce Bai San Suzgo Ba

Fumbani Harawa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida ya ba ni. In ka hau tsaunukan da ke bayan Rumphi ka tambayi Muliska Harawa, wato fasto a bakinmu, kowa zai nuna maka hanyar da ya bi da kekensa. Mutanen can suna ganin girmansa. A ƙauyenmu na Kaswera kuwa labarinsa ya fi haka tsawo, kuma ina da nawa rabon kunya a ciki, shi ya sa na ga gara ni in faɗa da bakina.

Yana yaro shi ne mai ja wa mawaƙan coci baki. Abokinsa ɗaya ne tak, Suzgo Luhanga. Tare suka yi kiwon shanu, tare suka faɗi jarrabawar shiga sakandare, har Amama, mahaifiyarmu, takan zuba sima, tuwonmu na masara, a kwano ɗaya ta ce su je can su ƙarata. Adada, mahaifinmu, manomin taba ne. Shekarar da taba ta yi kwantai a kasuwa, Fumbani ya sayar da ɗan maraƙinsa ya hau motar Joni, babban birnin nan na can ƙasar kudu, kamar yadda samarin lokacin suke yi. Yana da shekara ashirin da biyu.

Da farko wasiƙa na zuwa, har da bargo da rediyo. Daga baya sai a shekara ba a ji ɗuriyarsa ba. Da Adada ya rasu mun aika masa, bai zo ba. Idon Amama ya fara dushewa har ya rufe gaba ɗaya, amma duk wanda ya sauko daga motar Joni sai ta sa na kai ta ta tambaye shi ko ya ga ɗanta.

Suzgo ma ya bi sahu bayan shekara tara. Shi shekara biyar kawai ya yi ya dawo, ido ɗaya a tsiyaye, yana jan ƙafar hagu. Ya ce mutanen can ne suka tasar wa baƙi, suka taru a kansa. Da Amama ta tambaye shi Fumbani, sai ya ce, "Amama, Joni babba ce." Bai ƙara ba. Ya kafa wurin gyaran keke a gindin mangwaron da ke kusa da injin niƙa, ya auri NyaMsiska, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Shekara ashirin da biyu cif da tafiyar Fumbani sai ga wasiƙa. Ya ce ya gama makarantar koyon aikin bishara, kuma ikilisiyarsu ta can ta aiko shi gida, ya yi aiki a ƙauyukan kan tudu inda fasto ba ya leƙawa sai sau ɗaya a shekara. Ranar da ya sauka, matan zumuntar coci suka sa fararen rigunansu suka tare shi da waƙa tun daga bakin titi. Aka yanka kaji. Amama ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta ce ya yi ƙiba a kumatu kamar ubansa. Da ya tashi yin godiya, harshensa ya riƙa sarƙewa, yarenmu na Tumbukanci ya yi masa tsatsa, mutane suna dariya suna gyara masa. Duk garin ya zo, ban da Suzgo.

Ni kuwa kaina ya kumbura. Na yi shekaru ana mini habaicin yayan da ya ɓace, yanzu ga shi ya dawo da farin kwala a wuya. Sati biyu bayan nan akuyata ta shiga gonar waken NyaMsiska, muka haɗu a famfo ta fara mini faɗa a gaban mata. Magana ta yi tsawo, sai na ce mata, "Ke dai baƙin ciki ne. Kowa ya je Joni da abin da ya dawo da shi. Nawa ya dawo da maganar Allah, naki ya dawo da ido ɗaya."

Mata suka yi shewa. NyaMsiska ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ɗora bokitinta a ka ta wuce. Na ɗauka na ci nasara.

Fumbani ya kama aiki ba wasa. Ya sayi tsohon keke, ranar Talata ya hau tudu, sai Asabar ya sauko. Inda keke ba ya hawa ya ɗauke shi a kafaɗa. Yana sujada da mutane a gindin itace, yana koya wa manya karatu da yarenmu, in an yi mutuwa shi ke tsayawa. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Duk lokacin da tayarsa ta yi faci, sai ya tura keken har Bolero, tafiyar awa uku, alhali ga Suzgo nan a ƙofar gida. Ko niƙa na aike shi, ta bayan injin yake zagayawa.

Wata safiya muna ɓarar masara a tsakar gida, Amama ta tafi gaisuwar mara lafiya, na ce, "Yaya, me ke tsakaninka da Suzgo?"

"Babu komai."

"Wata takwas ke nan ba ka gaishe shi ba. Mutane sun fara cewa kana ƙyamar nakasassu."

Ya ajiye masarar da ke hannunsa. Ya ce, "Tionge, zauna sosai. In na gama, in kin ga dama kada ki sake kirana yaya."

Ya ce a Joni ba Fumbani ake kiransa ba. Tun shekarunsa na farko ya lura baƙo ba ya samun aiki mai kyau, ba ya kwana da kwanciyar rai. Sai ya koyi Zulanci har ya fi wasu 'yan ƙasar, ya sa wa kansa suna Mandla, ya ce shi ɗan wani ƙauye ne a can kudu. Da haka ya samu aikin girki a wani gidan kula da tsofaffi. Da Suzgo ya iso, ya sauke shi a ɗakinsa wata ɗaya, sannan ya roƙe shi ya nemi wani wuri, domin maƙwabta sun fara tambayar wane yare suke yi. Suzgo bai yi fushi ba. Ya koma gyaran takalma a bakin tashar mota.

Ran wata Asabar da rana tsaka, Fumbani na tsaye a layin shiga mota, sai ga taron matasa da sanduna da ƙarafa suna farautar baƙi. Duk wanda suka tare sai su nuna masa gwiwar hannu su ce ya faɗi sunanta da yarensu. Suka tare Suzgo a kan bencinsa, ya kasa. Suna jansa a ƙasa ya hango Fumbani, ya ɗaga murya da yarenmu: "Fumbani! Ɗan NyaKumwenda! Gaya musu ni ɗan'uwanka ne!"

Matasan suka juyo. Ɗaya ya ɗora masa sanda a ƙirji ya ce, "Kai yake kira? Ka san shi?"

"Me ka ce?" na tambaye shi, ko da yake na riga na sani.

"Na ce ban taɓa ganin wannan baƙon ba. Da Zulanci mai kyau na faɗa. Har na yi tsaki." Ya share fuska da gefen rigarsa. "Mota ta zo na shiga. Ta taga ina jin yana kiran sunan Amama."

Ya ce bai je asibiti neman Suzgo ba, tsoro ya hana shi. Ya ci gaba da girkinsa. Shekara biyu ba ya iya addu'a, in ya durƙusa bakinsa ya ƙi buɗuwa. Daga baya wata abokiyar aikinsa ta ja shi cocinsu, ya riƙa zama a kujerar baya. Wata safiya yana feraye dankali a kicin, shi kaɗai, ya ji an kira shi Fumbani, sunan da ya yi shekaru ba mai kiransa da shi a garin, aka ce masa da yarenmu ya koma gida. Ya leƙa waje, ba kowa. Ya ce bai yi shakkar wanda ya kira shi ba ko na minti ɗaya, abin da aka ce ya yi ne ya tsorata shi. Ya je wurin Fasto Radebe, shugaban cocin, ya faɗa masa komai, ya ce zai yi aikin bishara, amma a tura shi Mozambik ko Kwango, ko'ina ban da gida. Fasto Radebe ya ce masa, "Wanda ya kira ka ya faɗi wurin. Ni ba ni da ikon canza maka."

"Na zo," in ji shi, "amma na kasa taka wurin mutumin. Ina hawa tudu ina gaya wa mutane su tuba, ina saukowa ina zagaye injin niƙa."

Ni a lokacin ba shi nake tunani ba. Maganar da na yi a famfo ce ta dawo mini, da yadda NyaMsiska ta buɗe baki ta rufe. Na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa.

Ya ce in raka shi, domin in ya tafi shi kaɗai zai juya a hanya. Muka tafi a ranar, kafin azahar. Mun tarar da Suzgo ya tsoma robar taya a cikin kwanon ruwa yana neman inda take yoyo.

"Ba Luhanga, mun zo gaisuwa," in ji Fumbani, da "Ba" ɗin da muke sa wa sunan mutum don girmamawa.

Suzgo bai ɗago ba. Ya faɗi wata magana da yaren da ban sani ba.

"Me ya ce?" na tambaya.

Fumbani ya amsa da ƙyar. "Ya ce bai taɓa ganin wannan baƙon ba."

Suzgo ya yi dariya, ya ɗago. "Kin ji fassara, NyaHarawa? Yayanki ya fi masu yaren iyawa. Mandla, zauna mana. Ko wandon fasto ba ya taɓa benci?"

Fumbani ya zube a kan gwiwoyinsa cikin baƙin man keke.

"Kai, tashi! Kada masu niƙa su ɗauka ni ne Allahn naka."

"Na zo neman gafara, Suzgo."

"Wata takwas kana bi ta bayan inji kamar ɓarawon kaza. Ka ɗauka ba na gani? Ido ɗayan ai yana aiki." Ya ciro robar ya goge ta a cinyarsa. "Gafara. Ka zo da sabon ido a jakarka ne?"

Ni ce na kasa haƙuri na ce, "Ba Luhanga, duk shekarun nan me ya hana ka faɗa?"

"Da na dawo ina kwance ba na iya tashi, wa ke lalubo hanya da sanda tana kawo mini kunu? Uwarku. Sati uku tana zuwa, kullum sai ta tambaye ni ko ɗanta yana samun abinci a can. Da wane bakin zan gaya mata?"

Fumbani ya ce ranar Lahadi zai tsaya a gaban ikilisiya ya faɗi komai.

"A'a," in ji Suzgo. "Ka mai da idona wa'azi, mata su yi kuka, a fito ana cewa Muliska mai tawali'u ne? Ban yarda ba. In kana son faɗa, je ka faɗa wa uwarka, ku biyu, ba waƙa ba tafi." Sannan ya ƙara da cewa, "Na sha tunani, da ni ne a layin nan sanda a ƙirjina, ban san me zan yi ba. Amma dai ba ni ne a layin ba. Kai ne."

Muna nan sai ga NyaMsiska da kwanon abincin mijinta. Tana ganin yayana a durƙushe ta gane. Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "NyaMsiska, maganar famfo..."

"Ranar na dawo gida na ce masa yau sai na faɗa," in ji ta. "Ya ce in na faɗa in tattara in koma gidan ubana." Ta ajiye kwanon. "Ki dai riƙa ɗaure akuyarki."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da yamma Fumbani ya zauna a gaban Amama a kan tabarma ya faɗa mata. Ina bakin murhu ina ji. Ba ta katse shi ba har ya gama. Sai ta ce, "Sunana ya kira?"

"E, Amama."

"Kana ji?"

"Ina ji."

Ta miƙa hannu ta lalubo sandarta. Ta ce in kamo mata babbar kazar nan mai kwanci. Na ce Amama gari ya kusa rufawa, a bari sai gobe. Ta ce ita dare da rana duk ɗaya ne a wurinta, amma ba za ta kwana da wannan ba. Ta rungume kazar, ta ce Fumbani ya riƙe mata sanda ya ja ta. Haka suka ratsa tsakiyar gari, ina biye, mutane na dawowa daga gona suna tsayawa kallo. A ƙofar gidan Luhanga tsohuwar nan mai shekara kusan tamanin ta durƙusa a ƙasa, ta ɗaga murya yadda makafi ke yi, ta ce, "Na haifi ɗan da ya bar naku a hannun makasa. Na ci abinci da ku shekara da shekaru ban sani ba. Ga ni."

Suzgo ya fito da sauri yana jan ƙafa, ya ɗaga ta yana cewa, "Amama, ba ke ba ce, don Allah tashi." Shi ma kuka yake. Kafin gari ya waye babu gidan da labarin bai shiga ba.

Dattawan ikilisiya suka zauna a kansa. Wasu suka ce a rubuta wa masu aiko shi su janye shi. Da suka ji Fasto Radebe ya san komai tun farko, sai suka dakatar da shi daga wa'azi wata uku. Ranar Lahadi yakan zauna a bencin ƙarshe tare da waɗanda ke ƙarƙashin horo. A kasuwa samari suka fara ɗaga masa gwiwar hannu suna cewa, "Mandla, me ake kiran wannan?" Ni ma na daina zuwa famfo da safe, sai rana ta take ba kowa nake zuwa. Matan da suka yi mini shewa a ranar su ne suka fi kowa maimaita maganata.

A wata na biyu na tarar da shi ya ɗaure kayansa. Ya ce, "Tionge, anya kira na ji? Ko dai kunya ce ta koro ni daga can, na sa mata sunan Ubangiji?"

Kayan suka kwana biyu a ɗaure. A rana ta uku wasu dattawa biyu suka sauko daga tudu, ƙafafunsu duk jar laka. Wata mata ta rasu wurin haihuwa, suna son ya je ya yi addu'ar binnewa. Ya ce musu an dakatar da shi, kuma wataƙila ba su ji abin da ya yi ba.

"Mun ji," in ji babban cikinsu. "Har da kazar mun ji. To wa zai binne mana ita? Wancan faston sai bayan damina."

Ya je wurin shugaban dattawa ya nemi izini, aka ce binnewa ba wa'azi ba ce, ya tafi. Da ya sauko ya kwance kayansa.

Shekara goma sha shida ke nan. Yanzu akwai coci huɗu a kan tudun, biyu da rufin kwano, da mutum shida da ya koyar suna jan sujada in ba ya nan. Ya auri wata malamar makaranta da mijinta ya rasu. Amama ta rasu a shekara ta uku da dawowarsa, a hannunsa. A Kaswera dai cocin bai sake cika kamar ranar da ya sauka ba, kuma har yau akwai masu kiransa Muliska Mandla. Yana amsawa. Bai taɓa kawo labarin a wa'azi ba, domin Suzgo ya hana.

Suzgo bai taɓa shiga cocinsa ba, na Katolika yake zuwa. Amma ya karɓi gyaran keken. Duk Asabar Fumbani zai tsaya a gindin mangwaro, Suzgo yana ɗaure wayar keken yana zaginsa a kan yadda yake kashe birki, wani lokaci su yi hirar shanun da suka yi kiwo, wani lokaci Suzgo ya ƙi kula shi sam. Ni da NyaMsiska muna gaisawa. Ba mu zama ƙawaye ba.

Bara da sanyi Suzgo ya kwanta ciwon ƙirji, kwana tara ya rasu. Mutane suka zaci yayana zai yi magana a wurin binnewa, amma NyaMsiska ta aiko cewa fadan cocinsu na Katolika zai zo, ba ta son jawabin kowa. Fumbani ya ce daidai ne. Da sassafe ya cire kwalarsa ya ɗauki fartanya ya bi masu haƙa kabari. Suka ce Muliska wannan ba aikinka ba ne, ga shekaru. Ya shiga ramin abinsa. Ƙasar wurin tsakuwa ce, sai da rana ta ɗaga suka gama. Lokacin addu'a yana can baya cikin masu haƙa, jikinsa duk ƙasa, a nan kuma ya ci simarsa tare da su.

Da muka dawo gida na tambaye shi ko Suzgo ya taɓa cewa ya yafe, ko a kwanakin ciwon nan da yake zuwa duba shi.

"Bai faɗa ba," in ji shi.

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Ranar ƙarshe dai ya ce in gyara masa matashi, na gyara."

Ya ce in ɗora masa ruwan zafi ya gasa bayansa, domin washegari akwai baftismar mutum goma sha ɗaya a kan tudu, kuma an ce ruwa ya cinye gadar katakon, sai an zagaya ta sama.